Jijiyoyin da ke riƙe da linzamin hanci

Duk wanda mura ta taɓa kwantar da shi ya san wannan abu. Ka kwanta ta gefen dama, ba a jima ba kafar hancin dama ta toshe kamar an cusa mata auduga, ta hagu kuwa ta buɗe. Ka juya, bayan 'yan mintoci su yi musaya. Yawancinmu mun ɗauka majina ce ke gangarawa daga wannan gefe zuwa wancan, alhali akwai katanga tsakanin kafofin biyu, majina ba ta ratsa ta. Abin da ke faruwa shi ne, gefen jikin da aka danne, kafaɗa da hammata da kwatangwalo, yana aika saƙo sama, sai umarni ya dawo cewa naman cikin hancin wannan gefen ya cika da jini ya kumbura, na ɗaya gefen ya saki nasa jinin ya motse. Masu bincike sun gwada haka a kan mutanen da ba a kwance suke ba. An tokare musu hammata ɗaya da sanda, sai ga hancin wannan gefen ya fara toshewa, ɗayan yana buɗewa.

Ko mai cikakkiyar lafiya ma hancinsa karɓa-karɓa yake yi. Wani likita Bajamushe, Richard Kayser, ya bayyana haka a birnin Breslau a 1895: a yawancin mutane kafa ɗaya ce ke ɗaukar mafi yawan iska na wasu sa'o'i, sannan ta miƙa wa 'yar'uwarta. Ba ma lura ne saboda jimillar iskar da ke shiga ba ta canzawa sosai. Sai ciwo ya zo, naman ya riga ya kumbura, sannan wannan karɓa-karɓar ta fito fili.

Kalmar jijiya a bakinmu tana ɗaukar abu biyu, wadda jini ke bi da wadda saƙo ke bi. A zancen hanci dole a raba su, domin ɗaya ce ke juya ɗaya. A bangon kowace kafar hanci akwai naɗaɗɗun ƙasusuwa guda uku, lulluɓe da nama mai laushi, kuma cikin wannan naman akwai manyan jijiyoyin jini masu kama da soso, masu iya cika da zubarwa cikin mintoci. Su ne ke ɗumama iskar da muke shaƙa, wajen lita 10,000 a yini ga baligi, su jiƙa ta, ta yadda kafin ta kai maƙogwaro ta haura digiri 30 ko da a waje sanyi ake yi. Toshewar hanci, mafi yawanta, cikar wannan soson ce. Masu ba shi umarnin cika ko motsewa kuwa jijiyoyin saƙo ne. A kansu binciken cututtukan hanci ya fi karkata a 'yan shekarun nan, kuma a ganina can ya kamata ya karkata tun tuni.

Jijiyar jin ƙamshi da wari ita kowa ya sani, kuma ta sha bincike. Linda Buck da Richard Axel sun gano dangin ƙwayoyin gadon da ke ƙera masu karɓar ƙamshi a 1991, suka sami lambar Nobel a 2004, kuma ɗan Adam yana da wajen iri 400 masu aiki. Annobar korona ta ƙara fito da ita, lokacin da aka gano a 2020 cewa ƙwayar cutar ta fi kama ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyar, ba ita kanta jijiyar ba, shi ya sa mafi yawan waɗanda suka daina jin ƙamshi suka dawo da shi. Amma ita wannan jijiyar ba ruwanta da toshewa ko yoyo ko atishawa. Waɗannan aikin wasu uku ne dabam.

Ta farko mai kai rahoto ce. Reshe ce ta jijiya ta biyar cikin 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira tirajeminal, mai kula da duk abin da fuska ke ji. Ita ke jin ƙaiƙayi, raɗaɗi, sanyi, da yajin hayaƙi a hanci. Sauran biyun masu kawo umarni ne, kuma ba sa shawara da mai hancin. Ɗaya ta ɓangaren ko-ta-kwana ce, wanda ke tashi idan mutum ya firgita ko yana gudu. Tana fitowa daga lakar baya ta saman ƙirji, ta hau ta wuya, ta saki sinadarin noradrenalin a kan soson nan ya matse, hanci ya buɗe. Shi ya sa mai mura idan ya yi sassarfa ko ya hau bene da sauri yakan ji hancinsa ya washe na ɗan lokaci. Shi ya sa kuma idan rauni ko ƙari a wuya ya katse wannan hanya, fatar idon wannan gefen takan sauko, hancin gefen kuma ya toshe. Ɗayar ta ɓangaren hutu ce, mai sa a zubo da ruwa. Tana tafiya tare da jijiya ta bakwai, ta bi wani siririn rami a gindin ƙoƙon kai, inda ake kiranta jijiyar Vidian, sunan da ta samo daga Guido Guidi, masanin sassan jiki ɗan Italiya na ƙarni na 16. Daga nan ta yada zango a wani ƙulli da ke bayan ƙashin kunci, sai ta rarrabu. Wasu rassan su shiga hanci su saki sinadarin asetilkolin, majina ta kwararo. Wani reshen ya nufi inda ake yin hawaye. Masu iya magana da suka ce abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa, sun faɗi abin da wuƙar masu fiɗa ta zo ta tarar: tasha ɗaya ce ke aika wa su biyun umarni.

Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da maganin feshin buɗe hanci yake da daɗi da farko, daga baya ya zama jaraba. Oksimetazolin da zailometazolin, sinadaran da ke cikin irin wannan feshin, kwaikwayon saƙon ko-ta-kwana suke yi. Fesawa ɗaya, soso ya matse, cikin mintoci hanci ya buɗe tangaram. To amma idan aka yi ta fesawa kullum, masu karɓar saƙon a jikin jijiyoyin jini sukan gaji su rage amsawa, kuma da zarar ƙarfin maganin ya sauka sai naman ya kumbura fiye da da. Mutum ya ƙara fesawa. Wanda ya fara da sau biyu a yini ya koma sau shida, ya kwana da kwalba a ƙarƙashin matashi, mura kuwa ta warke tun watanni da suka wuce. Abin da ya sa ake rubuta wa a jikin kwalin kada a wuce 'yan kwanaki ke nan, 3 a wasu ƙasashe, 5 ko 7 a wasu. Hanyar fita ita ce a daina, sau da yawa da taimakon feshin siteroyid, a daure wa toshewar mako ɗaya ko biyu. Shi kuwa fenilefrin na haɗiya, wanda ke cikin magungunan mura da dama, a watan Satumba na 2023 kwamitin ƙwararru na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ya yi ittifaƙi cewa a adadin da ake sha ba ya buɗe hanci, domin hanji da hanta suna lalata mafi yawansa kafin ya kai inda aka aike shi.

Akwai wani abu da ya fi wannan ban mamaki, kuma shi ne ya fi canza min yadda nake kallon cutar hanci. Mutum ba ya jin iskar da ke shiga hancinsa. Abin da yake ji sanyin da iskar ke bari ne a kan naman.

Ronald Eccles, wanda ya daɗe yana jagorantar cibiyar binciken mura a jami'ar Cardiff ta Birtaniya, shi da abokan aikinsa sun riƙa ba mutane mentol, sinadarin sanyin da ke cikin na'a-na'a, suna shaƙa, sannan su auna yawan iskar da ke wucewa da na'ura. Mutanen suka ce hancinsu ya buɗe. Na'ura ta ce ko kaɗan bai ƙara buɗewa ba. Bayani ya zo a 2002, lokacin da ɗakunan bincike biyu, na David Julius da na Ardem Patapoutian, kowanne da kansa, suka gano wata 'yar ƙofa a jikin jijiyoyin ji mai suna TRPM8, wadda sanyi ke buɗewa, mentol ma yana buɗe ta. Shi Julius tun 1997 ya gano 'yar'uwarta, TRPV1, wadda zafin da ya haura digiri 43 ke buɗewa, haka ma kafsaisin, sinadarin yajin barkono. Su biyun suka raba lambar Nobel ta 2021. Daga baya Kai Zhao da abokansa a cibiyar Monell da ke Philadelphia suka nuna a 2011 cewa mutane sun fi jin hancinsu a buɗe idan suka shaƙi iska mai sanyi ko busasshiya, ko da faɗin hanyar bai canza ba. Ashe ƙwaƙwalwa da sanyi take auna numfashin hanci.

Wannan ba zancen ɗakin bincike ba ne kawai. Akwai mutanen da aka yi wa tiyata aka yanke musu naman bangon hanci da yawa don a buɗe musu hanya, sai suka dawo suna cewa ba sa samun iska, kamar ana shaƙe su. Likita ya leƙa ya ga hanya fetal. Eugene Kern na asibitin Mayo a Amurka shi ya raɗa wa wannan hali suna a 1994, ciwon wofintaccen hanci. An cire naman da ke ɗauke da jijiyoyin jin sanyi, iskar kuma ta daina gogar bangon yadda ta saba, saboda haka ƙwaƙwalwa ba ta samun labarin cewa ana numfashi. Ɗaya daga cikin hanyoyin gane shi a yau shi ne a sa 'yar jiƙaƙƙiyar auduga a gurbin naman da aka cire, wato a rage faɗin hanyar, sai majiyyacin ya ce yanzu ne ya ji yana shaƙar iska. Ba kowa da aka yi wa wannan tiyata ke shiga wannan hali ba, kaɗan ne. Amma waɗanda suka shiga sun sha wuya biyu, ta ciwon da ta rashin yarda, domin shekaru da yawa ana ce musu damuwa ce kawai ke damunsu. Rashin barci da ƙuncin rai da ke biyo baya kuwa ba ƙanana ba ne. Darasin da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suka ɗauka shi ne a rage naman ta ciki a bar fatarsa ta sama, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Sai alaji, wato jiki ya riƙa yaƙar abin da ba shi da illa kamar ƙurar fure, wanda aka daɗe ana ɗauka zance ne na garkuwar jiki zalla. Tarihinsa sananne ne. Charles Blackley, likita a Manchester, ya gwada ƙurar furanni a jikinsa ya buga sakamakon a 1873. Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin, suka gano sinadarin garkuwa na IgE a tsakanin 1966 da 1967. Idan ƙurar fure ko ta ƙananan ƙwarin katifa ko gashin kyanwa ta sauka a hancin mai alaji, IgE ya kama ta, wasu ƙwayoyin garkuwa su fashe su zubo da sinadarin histamin. Duk wannan gaskiya ne. To amma histamin da kansa ba ya atishawa. Jijiyar ji yake taɓawa, ita ta kai ƙara gindin ƙwaƙwalwa, daga can a ba da umarnin atishawa da zubar ruwa. Hujja mai sauƙi: idan aka ɗiga histamin a kafa ɗaya ta hanci, ɗaya kafar da ba a taɓa ba ita ma takan zubo da ruwa, kuma idan aka riga aka sa mata maganin da ke toshe asetilkolin, ruwan ba ya zuwa. Saƙon ya hau sama ne ya sauko ta ɗaya gefen.

Abin bai tsaya nan ba. Bakin jijiyar ji ba kai rahoto kaɗai yake yi ba, yana iya zubo da nasa sinadaran a nan inda yake, waɗanda ke buɗe jijiyoyin jini su ƙara kumburi. Su kuma ƙwayoyin garkuwa suna fitar da wani sinadari mai ciyar da jijiya, wanda aka tarar ya yi yawa a majinar masu alaji, kuma yana sa jijiyar ta ƙara saurin tunzura. Kowanne yana zuga ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa wanda alajinsa ya daɗe ba a kula da shi ba yakan kai matsayin da turare, hayaƙin taba, ko fita daga ɗaki mai ɗumi zuwa iska mai sanyi ke tayar masa da atishawa, alhali babu ɗaya cikinsu da yake da alajinsa. Ita atishawar ma an fara bin sawunta. A 2021 ɗakin binciken Qin Liu a jami'ar Washington da ke St. Louis ya nuna cewa a jikin ɓeraye wani ɗan sinadari, niyuromedin B, shi ne ke ɗaukar saƙon atishawa daga jijiyar hanci zuwa gindin ƙwaƙwalwa, kuma ɓerayen da aka cire wa shi ko mai karɓarsa atishawarsu ta ragu ƙwarai. Ɓera ba mutum ba ne, kuma tsakanin irin wannan gano da magani a kanti akwai tafiya mai nisa, amma a ƙalla an sami inda za a dafa.

Mutanen da suka fi ba ni tausayi a wannan fage su ne waɗanda hancinsu ke yoyo ko toshewa shekara da shekaru, an yi musu gwajin alaji ba a ga komai ba, an ɗauki hoton kai ba a ga komai ba, ba ƙwayar cuta, ba tsiro. Da yawansu sun sha antibiyotik zagaye bayan zagaye a banza, tunda babu bakteriyar da za a kashe. Akwai tsoho wanda ruwa garau ke ɗiga daga hancinsa da ya zauna cin abinci. Akwai wadda da ta shiga inda aka fesa turare sai hanci ya rufe. Akwai mai juna biyu da hancinta ke toshewa a watannin ƙarshe ya sake bayan haihuwa, akwai kuma wanda maganin hawan jini ko na ƙarfin maza ne ke buɗe masa jijiyoyin jinin hanci bai sani ba. Idan aka ware waɗanda aka san dalilinsu, sai a bar wani babban rukuni da likitoci suka daɗe suna kira da sunan da ma'anarsa ita ce ba a san sanadi ba.

Masu bincike a ƙasar Holan sun samo ma'auni. A ƙarshen shekarun 1990 suka nuna cewa idan aka hura wa irin waɗannan majiyyata busasshiyar iska mai sanyin digiri 10 ƙasa da sifili, hancinsu yakan toshe ya zubo da ruwa fiye da na masu lafiya nesa ba kusa ba. Ta haka aka iya nuna wa ido abin da majiyyaci ya daɗe yana faɗa da baki. Sannan a 2014 Laura Van Gerven da Peter Hellings da abokansu a jami'ar Leuven ta Beljiyam suka tarar ƙofar nan ta TRPV1 ta yi yawa a naman hancin waɗannan mutane. Jijiyarsu ta ji ta zama mai saurin fushi, abin da bai kai ya kawo ba sai ta ɗauke shi gobara.

Maganin da aka gwada a kansu zai ba mai karatu mamaki, domin kafsaisin ne, wato shi kansa abin da ke tunzura ƙofar. Hikimar ita ce, idan aka yi ta buga wannan ƙofa da ƙarfi a jere, bakin jijiyar yakan ƙare da sinadaransa ya janye, ya yi shiru na watanni. Wani gwaji a Holan a 2003 ya nuna cewa fesawa sau biyar a yini ɗaya, da tazarar sa'a guda, ta yi aiki kamar wadda aka rarraba cikin mako biyu. Ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwaje, ta duba bincike huɗu masu mutum 302 a 2015, ta ce hanya ce da za a iya gwadawa ga wannan rukuni, tare da cewa gwaje-gwajen ƙanana ne. A kan masu alaji kuwa bai nuna irin wannan amfani ba, abin da ke ƙara tabbatar da cewa ciwo biyu ne masu fuska ɗaya. Ina roƙon mai karatu da babbar murya: wannan aikin asibiti ne, da awon da aka ƙayyade, bayan an kashe zafin wurin da magani an kare ido. Wanda ya zuba garin barkono a hancinsa ƙuna kawai zai jawo wa kansa.

An kuma gwada akasin haka. Kamfanin GlaxoSmithKline ya ƙera maganin feshi mai toshe ƙofar TRPV1, mai lamba SB-705498. Ya rage abin da kafsaisin ke tayarwa a hanci, amma da aka gwada shi a kan iska mai sanyi da kuma alaji, bai kawo sauƙin da aka sa rai ba. Wannan faɗuwa ta koyar da abu mai amfani. Jijiya ɗaya tana da ƙofofi da yawa, akwai ma wata, TRPA1, mai jin hayaƙi da sinadarai masu yaji. Ka rufe ɗaya, saƙo ya shiga ta wata. Kafsaisin ya yi nasara ne don jijiyar gaba ɗaya yake kwantarwa.

Hanyar saƙon nan tana tafiya ta baya ma, daga kai zuwa hanci. Ciwon ɓarin kai yana tunzura jijiyar tirajeminal, ita kuma ta tayar da ɓangaren hutu, sai hanci ya toshe, ido ya yi ruwa, goshi da kunci su yi nauyi. Majiyyaci ya ce sainus ne, wato ciwon ramukan iska da ke cikin ƙasusuwan fuska, sau da yawa likita ma ya yarda. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya duba mutum 2,991 da ke cewa ciwon kan sainus ke damunsu, ba tare da alamar ƙwayar cuta ba, sai aka tarar kashi 88 cikin 100 alamominsu na ɓarin kai ne. A tuna yawan antibiyotik, har da tiyata, da aka kashe a kan irin wannan kuskure.

Kada kuma a ɗora komai a kan jijiya. Ruwa garau mai ɗanɗanon gishiri da ke ɗiga ta kafa ɗaya tak, musamman idan an sunkuya ko bayan buguwa a kai, yana iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne ke tsiyaya. Toshewar gefe ɗaya da ba ta canza gefe, tare da jini, tana buƙatar a leƙa da na'ura. Yaro mai majina mai wari ta kafa ɗaya, galibi wani abu ya cusa.

To idan jijiya ce ke kawo umarnin yoyo, me zai hana a yanke ta? An yi wannan tunanin tun da daɗewa. Philip Golding-Wood, likitan fiɗa a Ingila, ya bayyana yanke jijiyar Vidian a 1961. Yoyo ya tsaya, amma karin maganar nan ta hanci da ido ta biyo bashi, domin reshen hawaye ta cikin wannan jijiyar yake bi. Majiyyata da yawa suka koma fama da bushewar ido, wasu da dindirisin kunci da dasashi, aikin ya ja baya. Da na'urar leƙa cikin hanci ta yaɗu, likitoci a Japan, Toru Kikawada na gaba-gaba cikinsu, suka koma yanke ƙananan rassan da ke shiga hanci ta baya, bayan reshen hawaye ya riga ya rabu ya kama hanyarsa. Ido ya tsira. Daga nan aka zo ga na'urorin da ba sa yanka, waɗanda ake aiki da su majiyyaci yana zaune a kujera ido biyu. ClariFix tana daskarar da wurin da rassan ke fitowa da matsanancin sanyi, RhinAer kuma tana ɗumama shi da zafin da aka ƙayyade.

Abin yabo ne cewa an gwada su biyun da aikin bogi, wato a sa wa wasu na'urar a hanci ba tare da an kunna ta da gaske ba, su kuma ba su san rukunin da suke ba. A gwajin daskararwa, bayan wata uku, wajen kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka yi wa na gaske sun sami sauƙi mai ma'ana, na bogi kuwa wajen kashi 37. A gwajin zafi, wajen 67 da 41. Na gasken ya yi gaba a duka biyun, wannan babu ja. Amma a dubi ɗaya lambar da kyau. Mutum huɗu cikin goma da ba a yi wa komai ba sun ce sun ji sauƙi. Ba ƙarya suke yi ba. Ciwo ne mai hawa da sauka da kansa, ma'auninsa kuma abin da majiyyaci ya ce yana ji ne, ji kuwa mun ga yadda mentol ke juya shi. Saboda haka duk wani sabon magani ko na'urar hanci da aka tallata da cewa kashi kaza sun ji daɗinsa, ba tare da rukunin bogi ba, ni ban ɗauke shi hujja ba. A lura kuma kamfanonin da ke ƙera na'urorin ne suka ɗauki nauyin waɗannan gwaje-gwaje, bibiyar da aka buga ta 'yan shekaru ce, jijiya kuwa aba ce mai sake tohowa.

Ra'ayina shi ne a bi abin daki-daki, daga wanda ake iya janyewa zuwa wanda ba a iya janyewa. Wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce, yana rage abin da ke tsokanar jijiya. Feshin siteroyid da na azelastin suna kwantar da kumburi. Ga mai yoyo zalla akwai feshin ifratrofiyam, wanda ke tare asetilkolin a bakin inda ake yin majina, yana tsayar da ruwa amma ba ya buɗe toshewa. Shi wannan na ƙarshen yana da wani amfani da aka lura da shi a 2020, lokacin da wasu likitoci a Amurka suka koma kan bayanan majiyyatansu da aka yi wa daskararwa. Waɗanda tun farko ifratrofiyam ke tsayar musu da yoyo su ne suka fi samun sauƙi bayan aikin, waɗanda bai yi musu komai ba kuwa mafi yawansu daskararwar ma ba ta yi musu ba. Dalilin a fili yake, feshin da na'urar hanya ɗaya suke tarewa, ɗaya na 'yan sa'o'i, ɗaya na dogon lokaci. Likita na iya ba majiyyaci kwalbar feshi ya je ya gwada na 'yan makonni, ya dawo ya faɗi abin da ya gani, kafin a yanke shawarar taɓa jijiyar.